Masu sharhi sun kushe fim ɗin ƙwallo, 'yan kallo sun yi dariya: maganar wa za a ɗauka?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mai gidan kallon ƙwallo a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina yana saka fim a ranakun da babu wasa. An ba shi shawarar ya saka Next Goal Wins, fim ɗin ƙwallo mai haɗe da barkwanci da ban tausayi. Da ya duba a intanet sai ya tarar masu sharhi sun ba shi maki ƙasa da rabi, alhali samarin da suka kalla a waya sun ce sun sha dariya. Yana so ya san maganar wa zai ɗauka, kuma ya saka fim ɗin ko ya bari.

Malam, Allah ya ƙara kasuwa. Makin masu sharhi da makin 'yan kallo ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma duka biyun ba a kan mutanen da ke zama a bencinka aka auna su ba. A kan wannan fim ɗin kuwa, saɓanin bai kai yadda kake tsammani ba. 'Yan kallon ma ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba, amma sai wanda ya san yadda ake karanta lambobin zai ga haka.

Labarin da aka gina fim ɗin a kai gaskiya ne. Ranar 11 ga Afrilu 2001, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2002, Ostareliya ta zura wa Samoa ta Amurka ƙwallo 31 ba ko ɗaya. Har yau ba a sake yin ci irin wannan ba tsakanin manyan ƙungiyoyin ƙasashe. Archie Thompson shi kaɗai ya ci 13. Abin yana da dalili: FIFA ta ce sai mai fasfon da ya dace zai buga, sai ya zama cikin manyan 'yan wasansu gola Nicky Salapu ne kawai ya cika sharaɗin, matasan da za su maye gurbi kuma suna tsakiyar jarrabawa, dole aka tattaro yara har da 'yan shekara 15. Tsibiran gaba ɗaya mutanensu kusan 50,000 ne, ba su kai yawan ƙaramar hukuma ɗaya a jihar Katsina ba. Bayan shekara goma aka kawo musu koci Thomas Rongen, haifaffen Holan mazaunin Amurka, kuma a watan Nuwamba 2011 suka ci Tonga 2 da 1 a birnin Apia. Wannan ita ce nasararsu ta farko a wasan da FIFA ta amince da shi.

A 2014 Mike Brett da Steve Jamison suka fitar da dokumentari a kan wannan tafiya, wato fim ɗin da aka ɗauki mutanen na ainihi suna atisaye da wasa, ba jarumai ba. Masu sharhi sun yaba shi ƙwarai. Daga shi ne darakta Taika Waititi ya ɗauko labarin, ya sa Michael Fassbender a matsayin kocin, aka fara nuna fim ɗin a bikin finafinai na Toronto a Satumba 2023, ya shiga sinimomin Amurka ranar 17 ga Nuwamba. Ka riƙe wannan a ranka: masu sharhin da suka riga suka ga dokumentarin da ma'auni a hannu suka shiga. Samarinka kuwa ba su taɓa jin labarin 31 da babu ba sai a cikin fim ɗin, don haka komai sabo ne a wurinsu.

To lambar da ka gani. Kusan tabbas ta Rotten Tomatoes ce, shafin intanet mai tattara sharhin finafinai, kuma mutane da yawa suna karanta ta ba daidai ba. Idan ka ga kashi 46, ba ana nufin fim ɗin ya ci maki 46 cikin 100 kamar a jarrabawa ba ne. Shafin yana ɗaukar kowane sharhi ya jefa shi ɗaya daga cikin kwando biyu, ko yabo ko kushe, sannan ya ƙirga kashi nawa ne yabo. Kashi 60 zuwa sama a liƙa wa fim jan tumatir, ƙasa da haka a liƙa masa ruɓaɓɓe. Ga yadda wannan ke ruɗar mutum. A ce masu sharhi goma kowanne ya ba wani fim 6 bisa 10, wato ba laifi, to fim ɗin zai iya fitowa da kashi 100. Wani fim ɗin kuma mutum biyar suka ba shi 10, biyar suka ba shi 4, zai fito da kashi 50, alhali matsakaicin makinsa 7 ne, ya fi na farkon. Lambar tana gaya maka yawan waɗanda suka gamsu, ba ta gaya maka ƙarfin gamsuwar. Shi ya sa ya kamata ka haɗa da Metacritic, wanda yake mayar da kowane sharhi maki daga 0 zuwa 100, ya ba wa wasu jaridu nauyi fiye da wasu, ya fitar da matsakaici. A can 61 zuwa sama kore ne, 40 zuwa 60 rawaya, ƙasa da 40 ja. Next Goal Wins ya faɗa tsakanin 40 da 50 a shafukan biyu. Ma'anarsa ba a ce fim ɗin shara ba ne, an dai ce ya gaza abin da labarinsa ya cancanta.

Abin da suka kushe ya fi lambar amfani a wurinka, domin da shi za ka gane ko abin da ya dame su zai dami mutanenka. Ƙorafin farko shi ne an ɗauki labarin 'yan tsibiri an mayar da shi labarin Bature mai zafin rai da ya zo ya huce, 'yan wasan da suka sha wulaƙancin shekara goma suka koma masu raka shi. Na biyu, Fassbender jarumin finafinai masu nauyi ne, mutane da yawa sun ga barkwanci bai zauna masa ba. Na uku, daraktan ba ya bari abin tausayi ya ratsa mutum, da zarar zuciya ta fara karyewa sai ya jefo raha ya watsa abin. Wannan yana da muhimmanci, domin kocin na ainihi ya rasa agolarsa, wato 'yar matarsa, a haɗarin mota a 2004, kuma a kan wannan rashi aka ɗora ciwon zuciyarsa a fim ɗin. Na huɗu ya shafi Jaiyah Saelua, mai tsaron baya a ƙungiyar, daga cikin waɗanda al'adar Samoa ke kira fa'afafine, wato waɗanda aka haifa maza amma suke rayuwa irin ta mata. Masu sharhi da dama sun ce wannan ɓangaren ne ya fi rai a fim ɗin, amma an takure shi, an kuma ƙirƙiro rigima tsakanin Saelua da kocin don a ƙara wa labarin gishiri.

Ƙorafi na ɗaya da na biyu ba lallai su dami zaurenka ba. Wanda zai dame su shi ne wani daban, kuma a ganina shi ne babban aibin fim ɗin. Fim ɗin wasanni bashi ne a kan darakta: ya tara maka rai tsawon awa ɗaya da rabi, dole ya biya ka da wasan ƙarshe, ka gan shi da idonka yana gudana. Wanda ya je kallon dambe ba ya ƙorafin cewa kullum ɗaure hannu ake yi a shiga fage, ya san da haka ya biya kuɗinsa, abin da ya kai shi shi ne ya ga kisa a lokacin da aka yi shi. A Next Goal Wins, ana tsakiyar wasan Tonga sai shugaban hukumar ƙwallon Samoa ta Amurka ya yanke jiki ya faɗi, bayan ya farfaɗo ɗansa ya ba shi labarin yadda aka ƙare. Ana nuna maka abin, amma a matsayin labarin da ya riga ya wuce, ana yi ana katsewa da raha. Ga mutanen da suka saba zama minti casa'in suna jiran ƙwallo ɗaya, waɗanda ke tashi tsaye idan Katsina United ta samu fenariti a Karkanda, wannan ragi ne babba. Ƙari a kan haka, an sauya yadda aka ci ƙwallayen. A wasan gaske Ramin Ott da Shalom Luani ne suka ci, Tonga ta farke ɗaya gab da tashi, Saelua kuma ta fitar da wata ƙwallo daga bakin raga a mintunan ƙarshe. Abin da ya faru a fili ya isa ya tsayar da numfashi ba sai an yi masa kwaskwarima ba.

A ɓangaren 'yan kallo akwai ma'auni uku, kuma ba darajarsu ɗaya ba. A IMDb, shafin bayanan finafinai, kowa mai rajista zai iya ba da maki 1 zuwa 10 ko bai kalli fim ɗin ba, shi ya sa ake yi wa wasu finafinai taron dangi, masoya su cika 10, masu jin haushi su cika 1. Idan za ka yi amfani da shi, buɗe jadawalin rabon makin. Ka ga tudu a 1 da tudu a 10, tsakiya fayau, to faɗa ake yi, ba sharhi ba. Makin 'yan kallo na Rotten Tomatoes yana ƙirga duk wanda ya ba da tauraro uku da rabi cikin biyar a matsayin mai yabo, kuma tun 2019 suka fara ware waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti. Ya fi IMDb tsafta, amma har yanzu wanda ya ga dama ne yake zuwa ya rubuta.

Wanda masu harkar suka fi dubawa shi ne CinemaScore, kamfanin da ya daɗe yana wannan aiki tun wajen 1979. A daren farko da fim ya fita, ma'aikatansa suna tsayawa a wasu sinimomi na Amurka da Kanada su raba wa masu shiga ɗan kati, bayan an tashi kowa ya yaga gefen harafin da ya zaɓa, daga A zuwa F. Next Goal Wins ya samu B+. A makaranta wannan sakamako ne mai kyau, a nan kuwa sai an yi hattara. Mutumin da ya fito daren farko shi ne wanda ya ga talla ya ƙagu, ya zaɓi fim ɗin da kansa, ya biya. Irin wannan taro ba ya rowar maki, musamman ga fim ɗin wasanni mai faranta rai, inda A ko A- ne abin da aka saba gani. B+ daga bakin masoya na nufin sun yi dariya, sun fita ba su yi da-na-sani ba, amma ba za su kira abokinsu su ce lallai ka je gobe ba. Kusan abin da samarinka suka faɗa ke nan idan ka saurara da kyau. Sun ce sun sha dariya. Ka tambaye su ko akwai wanda ya sake kallo.

Kuɗin da ya shigo ya tafi a kan wannan layi. An kashe kimanin dala miliyan 14 wajen yin sa, ya tara kimanin miliyan 18 a duniya. Kada ka ɗauka ribar miliyan 4 ke nan. Masu sinima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, kuɗin talla kuma daban yake da kuɗin ɗaukar fim, shi ya sa ake ƙiyasta sai fim ya ninka kuɗinsa sau biyu zuwa biyu da rabi kafin a ce ya fita. A kwana ukun farko a Amurka ya samu kimanin dala miliyan 2.5 daga sinimomi sama da 2,000. Ka raba, kowace sinima dala dubu da 'yan kai, a tikitin kusan dala 11, wato mutum ɗari ko makamancin haka a kwana uku. Adalci dai a faɗi uzurinsa: an ɗauke shi tun ƙarshen 2019, ya yi shekaru a ajiye, an sake ɗaukar wasu fitowa bayan sauya wani jarumi, sannan yajin aikin 'yan wasan Hollywood daga Yuli zuwa 9 ga Nuwamba 2023 ya hana jarumansa yi masa talla sai saura kwanaki kaɗan. Ƙwallon ƙafa ma ba ita ce kan gaba a Amurka ba.

Idan kana son ganin inda masu sharhi da 'yan kallo suka raba gari da gaske, dubi Champions na Woody Harrelson da ya fito a Maris 2023. Labarin kocin ƙwallon kwando ne da kotu ta tilasta wa horar da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Masu sharhi sun rabu kusan gida biyu, da yawa suna cewa tun minti goman farko an san ƙarshensa, amma CinemaScore ya ba shi A. A nan dalilin a fili yake. Mai sharhi yana kallon finafinai ɗaruruwa a shekara, ya gaji da labarin ƙungiyar da ba ta iya komai ba, da kocin da ya zo ba da son ransa ba, da atisayen da ake nunawa da kiɗa, don haka sabon abu yake nema. Mai tikiti kuwa wannan hanyar da aka sani ita ya zo bi, buƙatarsa a bi ta da kyau. Kuma asalin labarin, fim ɗin Sifaniya na 2018 mai suna Campeones, ya ci kyautar Goya ta gwarzon fim a ƙasarsa, daga baya Aamir Khan ya yi na Indiya a 2025. Labari ɗaya, karɓa iri-iri, gwargwadon wanda ya ba da shi da wanda aka ba.

Wuri ma yana sauya hukunci. Dangal, fim ɗin kokawa na 2016, da aka kai shi China a Mayu 2017 ya tara kuɗi a can fiye da abin da ya tara a Indiya, saboda labarin uba mai tsanani da 'ya'yan da ke neman fita kunyarsa ya taɓa mutanen can. Babu lambar Amurka da za ta hango haka, kamar yadda babu wadda za ta hango maka zauren Ƙofar Ƙaura.

Saboda haka ka yi naka awon. Da farko ka kalli fim ɗin kai kaɗai daga farko har ƙarshe, minti 104 ne. A Amurka an sa masa alamar cewa yara 'yan ƙasa da 13 sai da lurar iyaye. Akwai shan giya a fitowar kocin, akwai kuma labarin Saelua da na ambata, wanda ba gefe yake ba, a tsakiyar fim ɗin yake. Kai ka san unguwarka da iyayen yaran da ke shigo maka, gara ka yanke shawara da saninka da a zo maka da magana daga baya. Ka kuma tuna izinin kallon fim a gida daban yake da izinin nuna wa jama'a a karɓi kuɗi.

Sannan ka yi gwajin murya: zaɓi minti goma daga tsakiya, kashe sauti, ka ga ko za ka bi labarin ka yi murmushi. Barkwancin wannan darakta yawancinsa a baki yake, magana ce da ake faɗa fuska a sake kamar ba wasa ba, da Turanci mai karin harshen tsibirai. A waya da abin sauraro a kunne yana shiga. A zaure mai ƙarar janareta, na bencin baya ba ya iya karanta rubutun ƙasa, rabinsa zai zube. Abin da ke tsira shi ne barkwancin jiki, gola ya kama iska, ɗan baya ya ci gida. Idan akwai fassarar Hausa, ka saurare ta tukuna, domin mai fassara yakan cusa nasa barkwancin a inda ya kamata a yi shiru, sai wurin mutuwar 'yar kocin ya zama abin dariya.

Idan ya tsallake waɗannan, ka ware dare biyu a jere da babu wasan Turai, bayan sallar isha'i don kada fitar masu salla ta rikita maka lissafi. Ka karɓi kuɗin shiga yadda ka saba. Kyauta tana ɓata awo, wanda bai biya ba ba ya jin an cuce shi. Kafin ka kunna, ɗauki minti biyu ka gaya musu cewa ci 31 ɗin ya faru da gaske kuma golan da aka zura wa shi ne ya dawo ya tsare ragar a 2011, wannan kaɗai yana sauya yadda ake kallo. Ƙirga kawuna sau uku: a farko, a minti na 30, da lokacin da aka fara wasan ƙarshe. Wanda zai gudu yawanci kafin minti 30 yake gudu, haska waya a cikin duhu kuma alamar hankali ya tafi ko da jiki na zaune. A ƙofa ka ajiye gwangwani uku a rufe masu ƙaramar kafa, ɗaya na "zan kawo abokina", ɗaya na "ba laifi", ɗaya na "ban so ba", ka ba kowa marfin kwalba ɗaya ya jefa. Kada ka tsaya a wurin da kanka, kara za ta sa kowa ya jefa a na farko. Ƙasa da mutum 30 kada ka ɗauki sakamakon da nauyi, abokai biyar masu ra'ayi ɗaya sun isa su karkatar da shi. Idan wuta ta ɗauke ko sauti ya samu matsala a tsakiya, ka soke awon daren gaba ɗaya.

Gwangwanin farko kaɗai za ka ɗauka a matsayin yabo, "ba laifi" ba ta cika benci. Dare na biyu shi ne alƙali, domin ba tallarka ce ta kawo mutanensa ba, bakin na jiya ne. Masu sinima a Amurka suna ganin fim ya riƙe idan mako na biyu bai faɗi fiye da kashi 40 ba, idan ya faɗi kashi 60 kuwa sun san ya tafi. Kai ma idan daren biyu ya kawo biyu bisa uku na mutanen daren farko, ka ƙara masa rana. Idan bai kai rabi ba ka cire shi, ka nemi dokumentarin 2014 ka gwada a madadinsa, domin a can wasan Tonga na gaske ne kuma ana nuna shi yana gudana.